Fiya a ƙasar Kano da Jigawa: wacce za a dasa, wacce za a haƙura da ita

Wani malamin makaranta daga yankin Ringim ya aiko da wannan tambaya: "Ina da fili kamar rabin eka a bayan gari, ƙasar jigawa ce, kuma na haƙa rijiyar burtsatse mai sola. Ina so in dasa fiya, yara su sha, ni ma in samu na cefane. Na ga ana tallar dashe iri-iri a Facebook, har da irin wadda ake sayarwa a manyan kantuna kusa da tuffa. Wane iri ne ya fi dacewa da mu?"

Malam, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Na daɗe ina aikin malamin gona, yanzu kuma renon itatuwa nake yi, don haka zan faɗa maka abin da zan faɗa wa ƙanena da ya zo da kuɗinsa a hannu.

Kafin maganar iri, sai mun raba gardama a kan sunan, domin 'ya'yan itace uku ne suke amsa shi a ƙasar nan, kuma ba abin da ya haɗa su sai bakin masu sayarwa. Akwai ta kanti, wadda ka gani kusa da tuffa, mai siffar ƙaramin gora, mai ruwa da zaƙi. Ita 'yar'uwar tuffa ce, bari mu kira ta fiyar Turawa. Akwai fiyar da muka sani a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, mai babban ƙwallo ɗaya a ciki da nama mai maiƙo, wadda ake shafa wa burodi. Sai ta uku, wadda mutanen kudu maso gabas suke kira ube, suna gasa ta suna ci da masara. Wannan ta ukun dangin atili ce, bishiyar kurmi mai son ruwan sama da raɓa kusan duk shekara. Ka cire ta daga lissafi tun yanzu, ba ta da wurin zama a Ringim.

Fiyar Turawa kuwa, ina roƙonka kada ka sa ko sisi a kanta. Ba wai ƙasarka ba ta da kyau ba ne, kuma ba taki ko ban ruwa ne zai gyara matsalar ba. Ita wannan bishiya Allah ya halicce ta da barci. Idan sanyi ya shigo a ƙasashensu sai ta zubar da ganye kaf, ta kwanta, kuma idanun da za su fitar da fure ba sa buɗewa sai sun sha sanyi na wani adadin awoyi. Sanyin da ake nufi shi ne wanda ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos. Sanannun ire-irenta kamar Bartlett da Packham's Triumph da Forelle suna neman ɗaruruwan awoyi na irin wannan sanyi, da yawansu daga awa 600 zuwa 1,000. Har waɗanda aka samar domin wurare masu ɗumi a kudancin ƙasar Amurka, irin su Hood da Flordahome, suna buƙatar wajen awa 150 zuwa 300. To mu fa? A tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, daren da muke cewa sanyi ya kai maƙura har ana kwana da garwashi a ɗaki, ma'auni yana nuna digiri 12 zuwa 14 ne, wani jiƙon ya taɓa 10. Wato abin da bishiyar take jira ba ya zuwa ko kaɗan. Idan ka dasa ta ka dage da ban ruwa tana iya rayuwa, ta yi toho jefi-jefi, reshe ɗaya da ganye, reshe ɗaya tsirara, shekara ta zagayo ba fure. Haka za ta yi ta cin ruwanka har gara ko zafin bazara su ƙarasa ta.

Waɗanda kake gani a kanti shigo da su ake yi, yawanci daga Afirka ta Kudu, daga kwaruruwan yankin Kef ta Yamma inda ake hunturu na gaske. Ko a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, da tsaunin Mambila da ya fi shi tsayi, inda ake ɗan taɓa noman tuffa, sai an zaɓi iri mai neman sanyi kaɗan. Kano ba ta kai mita 500 ba. Duk wanda ya nuna maka hoton bishiya ta yi lodi, ya ce zai aiko maka da dashenta, ka tambaye shi abu ɗaya: a wane gari aka ɗauki hoton, kuma ko zan iya zuwa in gani da idona?

Saura fiya mai ƙwallo, kuma a nan ne maganar take da tsawo, domin ita ba a ce sam ba za ta yi ba, amma ba a kuma ce za ta yi da sauƙi ba.

Asalinta daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, kuma masana sun kasa ta gida uku. Gidan Meziko da gidan Gwatamala 'yan tudu ne, masu son wuri mai sanyi-sanyi. Gida na uku, wanda ake dangantawa da tsibiran Karibiyan, shi ne na ƙasa mai zafi. 'Ya'yansa manya ne, ɓawonsu sumul, kore, man cikinsu bai kai na sauran ba, amma shi ya fi jure zafi, kuma shi ya fi jure gishiri a ruwa. Wannan rabe-raben shi ne mabuɗin zaɓenka.

Sunan da ya cika intanet yanzu shi ne Hass, mai ƙanƙantar jiki da ɓawo mai kaushi da yake yin baƙi idan ya nuna. Wani ma'aikacin gidan waya ne a Kalifoniya mai suna Rudolph Hass ya dasa uwar bishiyar a 1926, ya yi mata rajista a 1935, yau kuma ita ce ta mamaye kasuwar duniya. Tana da daɗi, ba gardama, kuma tana jure tafiya mai nisa, shi ya sa masu fitarwa waje suke sonta. Amma jininta na Gwatamala da Meziko ne. Wurinta a Nijeriya shi ne Filato da Mambila da makamantansu. Haka ma Fuerte, wadda ake yawan haɗa su tare. Ni kaina na taɓa biye wa zancen, na sayi dashen Hass guda goma daga wani mai reno da ya rantse mini cewa ko'ina suna yi. Na kula da su iyakar iyawata. Sun wuce damina lafiya, hunturu ya ƙona bakin ganyensu, watan Afrilu na shekara ta biyu kuma ya tafi da bakwai cikin mako uku. Na ji zafin abin ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba, don maƙwabta biyu sun saya saboda sun ga na saya.

Idan ka ƙudura sai ka gwada, to ka nemi 'yan gidan zafi. Daga cikin sunayen da aka sani akwai Pollock da Simmonds da Waldin, sai kuma ruwa-biyu irin su Lula da Booth 8 da Choquette, waɗanda ake nomawa a Fulorida. Samun su da sunansu na gaskiya a wurin masu reno na bakin titi abu ne mai wuya, kuma takardar da aka ɗaura wa leda ba shaida ba ce. Shi ya sa shawarar da na fi amincewa da ita ita ce wannan: ka baza kunne. Idan ka ji labarin wata bishiyar fiya da take haihuwa shekara da shekaru a wani gida ko lambu a Kano, ko Zariya, ko kudancin jihar Kano wajen Tudun Wada da Doguwa inda ruwan sama ya fi yawa, ka je ka roƙi reshenta, ka kai wa wanda ya iya auren bishiya ya ɗaura maka a kan tsiron ƙwallon fiya mai manyan 'ya'ya kore. Bishiyar da ta riga ta sha bazararmu sau goma ta haihu ta fi kowane suna da zai zo maka daga waje.

Kada ka dogara da shuka ƙwallo kawai. Tsiron ƙwallo yana iya kai shekara 6 zuwa 10 bai haihu ba, wani ma ya wuce haka, kuma in ya haihu ba lallai ya ɗauko uwarsa ba. Mai aure yakan fara a shekara ta 3 ko ta 4. Idan za ka saya, ka duba wurin ɗaurin a jikin kara, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, za ka ga tabo da ɗan kumburi inda biyun suka haɗe. In babu tabo, ba aure.

Akwai wani abin mamaki a furen fiya da ya kamata ka sani. Kowane fure sau biyu yake buɗewa, da farko a matsayin mace, washegari a matsayin namiji. A wasu ire-iren macen da safe take buɗewa, namijin kuma da yammacin gobe, ana kiran su rukunin A. A wasu kuma macen da yamma, namijin da safiyar gobe, su ne rukunin B. Hass da Simmonds da Lula 'yan A ne, Fuerte da Pollock da Booth 8 'yan B. Idan ka haɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can, ƙudan zuma sukan samu garin fure a lokacin da ake buƙatarsa, haihuwa ta fi yawa. Bishiya ɗaya tilo ma tana iya haihuwa, amma biyu daga rukuni daban sun fi.

Abubuwan da suke kashe fiya a wurinmu huɗu ne, kuma gara ka san su tun kafin ka haƙa rami.

Na farko rana da busasshiyar iska. Ɓawon ƙaramar fiya kore ne, siriri, rana tana ƙona shi kamar fatar jariri. Ga shi kuma furenta yakan zo ne a cikin rani, sai ƙananan 'ya'yan su yi karo da Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. A irin wannan yanayi bishiyar tana zubar da fure da 'ya'ya don ta tsira da ranta. Wannan ne ya sa za ka ga fiya ta girma ta yi inuwa a wani gida amma ba a taɓa cin ɗanta ba. Maganin da ke hannunka shi ne wuri. Ka dasa ta inda katanga ko wata babbar bishiya za ta tare mata ranar yamma, ka kewaye ta da zana a shekaru biyun farko, musamman ta gabas da arewa inda iskar hunturu take bugowa, ka shafa wa karan farar ƙasa. Ayaba a gefenta tana taimakawa, tana ba da inuwa da danshi.

Na biyu ruwa, ta fuska biyu. Saiwoyin fiya a sama-sama suke, yawancinsu ba su wuce kamu ɗaya da rabi a cikin ƙasa ba, don haka ba ta iya nemo ruwa daga nesa kamar mangwaro. A ƙasar jigawa irin taka sai an ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ni ina ba ƙaramar bishiya bokiti ɗaya zuwa biyu bayan kowace kwana biyu, a bazara kuma kullum da yamma. Amma kuma ba ta son ƙafarta ta kwana cikin ruwa. Kwana biyu a cikin ruwa kwance ya isa ya ruɓar da saiwa, kuma akwai wata cutar ruɓewar saiwa da ke bin ƙasa mai laima, wadda ita ce babbar annobar fiya a duniya. Saboda haka fadama mai laka, da mutane suke zaton nan ne ya fi, nan ne kabarinta. A wannan ɓangaren rairayinka alheri ne. Duk da haka ka gwada: haƙa rami zurfin gwiwa, cika shi da ruwa da safe, in ka dawo da yamma ka tarar da ruwa, akwai marmara ko laka a ƙasa, ka canja wuri. Kuma ka dasa ta a kan ɗan tudu, ba a cikin kwari ba.

Na uku zartsi. Ka ɗanɗana ruwan rijiyarka, ka kuma duba ko yana barin fari-fari a bakin kwalbati ko a kan ƙasa idan ya bushe. Fiya tana cikin itatuwan da suka fi kowa ƙin gishiri. Alamar ita ce bakin ganye ya bushe ya yi ja kamar an babbaka, ya riƙa cin ganyen yana shiga ciki. In ruwanka yana da zartsi ko kanwa, ka bar maganar fiya gaba ɗaya.

Na huɗu gara da dabbobi. Ka lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don ƙasa ta yi sanyi, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da karan, kuma kada ka zuba ɗanyen taki a rami, sai wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanye yana kiran gara. Batun dabbobi kuwa ya wuce su cinye maka dashe. Ganyen fiya yana da guba ga awaki da tumaki da dawaki da zomaye da tsuntsaye. Akuya mai shayarwa in ta ci yana kumbura mata hantsa, in ta ci da yawa yana taɓa zuciya har ya kashe. Ka gargaɗi yara kada su yanko shi su zuba wa dabbobi da rani, lokacin da kowane koren ganye yake da daraja.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don bishiya ta samu wata uku na ruwan sama da lumshi kafin hunturu. Ka bar taku takwas zuwa tara tsakanin biyu. Ranar da Allah ya nuna maka 'ya'ya, ka tuna fiya ba ta nuna a kan uwarta. Sai ta ƙosa a tsinko ta, a ajiye a ɗaki kwana biyar zuwa mako guda ta yi laushi. In ka tsinko ɗaya ta yanƙwane maimakon ta yi laushi, ba su ƙosa ba, ka ƙara musu lokaci.

Duk wannan bayani na bishiya biyu ne ko uku, na gwaji da sha'awa, a kusurwar da ta fi inuwa. Ban yarda ka cika rabin eka da fiya kana jiran kuɗin cefane daga gare ta ba. Wannan filin da wannan rijiyar sun fi ƙarfin a yi caca da su.

Abin da nake so ka duba da idon basira shi ne magarya mai aure. Na san za ka ce magaryar da yara suke tsinta a daji? Ita fa, amma an ɗaura mata reshen manyan ire-iren Indiya irin su Gola da Umran da Seb. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa ta a Nijar, inda suke kiranta tuffar Sahel. Ɗanta yana kai girman ƙwan zabo, wani irin ma ya fi haka, kuma idan ka gatsa shi yana ɗanye-ɗanye za ka ji ƙaras da ruwa da zaƙi, kusan abin nan da ya ba ka sha'awa a fiyar kanti. Gindinta namu ne, ya san fari, ya san rairayi, ya san Afrilu, zartsi kaɗan ba ya damunsa. Takan fara haihuwa cikin shekara guda ko biyu bayan aure, 'ya'yan kuma suna nuna a cikin hunturu, lokacin da mangwaro bai fito ba. In akwai tsohuwar magarya a filinka kada ka tumɓuke ta, a sare ta, in ta yi sabon toho a ɗaura mata reshe mai kyau, ka ga ka samu saiwar shekara goma kyauta. Tana da sharuɗɗa biyu da ba a wasa da su. Dole a yi mata aski sosai kowace shekara a bazara bayan an gama tsinka, domin a sabon reshe take haihuwa. Dole kuma a riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin, in ba haka ba ta daji za ta rinjayi ta auren, ka koma gidan jiya. Abokin gabarta ƙudan da ke sa tsutsa a cikin 'ya'ya ne, don haka duk ɗan da ya faɗo a tsince shi a binne da zurfi, kada a bar shi a gindi.

Bayan ita sai gwaiba, musamman babbar fara mai ƙaras. Tana son ban ruwa, kana da shi, tana haihuwa cikin shekara biyu, taku shida tsakani ya ishe ta, kasuwarta kuma ba ta mutuwa. Mangwaro mai aure ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka dai haɗa mai fitowa da wuri da mai jinkiri irin su Kent da Keitt don kada duka su nuna ranar da kasuwa ta cika. Kai da kake Jigawa kuma kada ka manta da dabino, ga tashar binciken dabino ta NIFOR a Dutse kusa da kai, can za su yi maka bayanin mace da namiji da yadda ake yi musu barbara da hannu. Shi dai yana son haƙuri.

Da ni ne da filin nan, zan fara da shinge tun kafin in sayi ko leda ɗaya. Gefen gabas da arewa in jera mangwaro su zama garkuwar iska nan da 'yan shekaru. Tsakiya in raba shi tsakanin gwaiba da magarya mai aure. Kusa da tankin ruwa, inda ido yake kai kullum, in sa ayaba da fiya biyu, ɗaya A ɗaya B. Tsakanin layuka kuma in ci gaba da wake ko gyaɗa da damina, albasa da rani, har itatuwan su rufe.

Don samun dashe, ka fara da malamin gona na JARDA, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta Jigawa, a ƙaramar hukumarku, ko ka leƙa tashar binciken 'ya'yan itatuwa da kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda a jihar Kano, ka tambayi abin da suke da shi a wannan shekara. Duk inda za ka saya, ka nemi a nuna maka uwar bishiyar da aka yanko reshen, ka zaɓi dashe mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu wanda saiwarsa ba ta huda leda ta kama ƙasa ba, ka kuma ɗauko shi da sassafe a lulluɓe, kada iskar mota ta busar da ganyen kafin ka isa Ringim. Ka aiko mini da labarin ɗanɗanon ruwan rijiyar da sakamakon gwajin ramin, daga nan sai mu tsayar da adadin kowane iri.